Mabuɗin Aune

A Oulu rana malalaciya ce,
sai hantsi ya wuce take leƙowa,
ta yi wa rufin gidaje kallon raini,
ta koma kwana tun shayina bai huce ba.
Azahar, la'asar da magariba
sun cunkushe wuri guda kamar dangi a zaman makoki,
ina sallame wannan, waccan na tsaye a ƙofa.

Sau huɗu na sauya wa gadona wuri a watan nan,
na juya shi gabas, na kai shi jikin taga,
barci ya ce ba laifin gado ba ne.
Ƙarfe uku na dare ina duba kuɗin jirgi,
in lissafa, in kife waya, in sake ɗauka,
kamar mai sosa ƙurji.
Daddawar da Inna ta ƙulle mini a leda uku
saura abin da bai kai ƙwayar gurjiya ba.
Na daina sa ta a miya.
Sai dai in buɗe kwalbar, in shaƙa, in rufe da sauri.

A gidan tsofaffin da nake aikin dare
akwai Aune, ɗaki na goma sha ɗaya,
shekarunta tamanin da bakwai.
Balaraba ya fi ƙarfin harshenta, Palarapa take kirana,
na gaji da gyara, na koma amsawa.

Wani dare na same ta a bakin gado,
takalmi a ƙafa, rigar sanyi a kan ta barci.
Na ce, ina zuwa? Ta ce, gida.
Na ce, ai nan ne gida.
Ta yi mini kallon da ake yi wa yaro
in ya shirga ƙarya a gaban manya.

Sai ta buɗe tafin hannu:
mabuɗi ne, tsatsa ta cinye masa haƙora.
Tana shekara shida aka ɗora su a keken doki,
uwarta ta share bakin ƙofa, ta kulle,
ta ajiye wa kyanwa madara, wai ba za su daɗe ba.
Yaƙi ya ƙare, aka ja iyaka,
garinsu ya faɗa wancan gefe.
Na ce, gidan fa?
Ta ce, itatuwa sun shiga sun zauna.

Na rasa ta cewa.
Ni da nawa gidan yana nan a Gumel,
da zauren da ba a kullewa,
da ƙanen da ke damuna da kuɗin makaranta.
Kunya ta kama ni,
amma kewa ba ta san kunya ba,
ta raɓo ta zauna tsakaninmu, mu uku a gado ɗaya.

Na tuɓe mata takalmi, ta ce in dakata.
Ta jawo zaren ulu da allurai dogaye,
ta riƙe yatsuna da nata masu sanyin randa.
Ta ce, in hannu ya sami aiki, ƙafa takan haƙura.
Safar farko da na saƙa
ta fito da baki kamar na tulu,
Aune ta yi dariya har ta sarƙe, sai da na ba ta ruwa.

Ban warke ba, kada in yi wa kaina ƙarya.
Jiya ma na duba kuɗin jirgi, amma sau ɗaya.
Yakuwar da na shuka a gwangwani ƙarƙashin fitila
ta fid da ganye biyu, sirara, kamar masu jinya.
Gado yana inda na bar shi.

Yanzu ina kan safa ta bakwai, ta Inna ce,
ko da yake zafin Gumel zai yi mata dariya.
Aune tana gyangyaɗi, mabuɗi a damƙe,
dusar ƙanƙara na sauka ba ko sallama,
ni kuwa ina ƙirga ɗauri da Hausa,
a hankali, don kada in tashe ta.