Fihirisar da Ta Mutu a Tsaye

Ƙarfe uku saura na dare a Valparaíso.
Jiragen ruwa sun yi cirko-cirko a bakin gaɓa,
ni ina hawa na huɗu, kofina ya huce,
sai Eleodoro ya bugo daga ƙofar tasha:
"Ximena, allon nan ya kasa nemo kwantena ɗaya tak,
direbobi sha bakwai suna hura mini hayaƙi a hanci."

Jiya da la'asar na sa a gina fihirisa
kan teburin kaya, layi miliyan arba'in.
Na ce ta ginu sannu, kada ta tare wa kowa hanya.
Na ga sunanta ya fito a jeri,
na rataya jakata, na bi matakala zuwa gida.
Sunan kawai na gani.
Ban tambayi lafiyarta ba.

Yanzu na buɗe cikin rumbun,
ga ta nan tsaye, da suna, da nauyi,
amma a gurbin da ake rubuta "ingantacciya"
an rubuta a'a.

Ashe tun magariba take cin kuɗin haya.
Duk kayan da aka shigar sai an biya ta nata kaso,
duk mai tambaya kuwa sai ya kewaye ta,
ya bi layi miliyan arba'in da ƙafa.
Akwai irinta a unguwarmu kan tudu:
matakala sittin da ke ƙarewa a jikin bango,
ana share ta kullum, ba wanda ke hawa.

Na koma kundin abin da ya faru.
Shida da minti goma sha ɗaya, nan ta sare:
kwantena biyu, lamba ɗaya.
Ɗaya inabi, ɗaya wayar tagulla.
Wani, wata rana, yatsansa ya zame,
ya buga takwas inda uku take.
Na ce mata kowace lamba guda ce,
ta iske biyu, ta ƙi yi mini ƙarya.

Ba a yi wa irin wannan faci.
Na tashi Fresia daga barci ta duba takardun asali,
ta yi tsaki, ta ce tagullar ce mai uku.
Na gyara.
Na duba ko akwai wani aiki da ya kwana a buɗe,
na auna sauran fili a faifai,
sannan na rushe ta, a hankali, kamar cire ƙaya.

Na sake ginawa. Wannan karon ban tashi ba.
Minti hamsin ina kallon lissafi yana hawa,
har a'a ta koma i.
Duk da haka na tambayi rumbun: ta ina za ka bi?
Ya ambaci sunanta.

Ƙasa, motar farko ta yi gurnani ta wuce.
Eleodoro bai kira ya gode ba,
ni ma ban jira ba.
Na wanke kofin.