Ƙusa Ta Goma Sha Bakwai

Ni ba son teku ya kai ni ba.
Shekara talatin ina raba wasiƙu a lungunan Sinop,
teku na hagu da ni, ko sannu ban taɓa ce masa ba.
Sai da Sabiha ta rasu, gida ya yi mini yawa,
agogon bango ya koyi tsawa,
Remzi mai ɗinkin raga ya tare ni a bakin kwata:
"Haldun, ga hannu biyu suna zaman banza.
Zo ka kankare mana gindin jirgi."

Haka na zama ɗan ƙungiya, ko filafili ban mallaka ba.
Kuɗin wata bai kai na tabar da na daina ba.
Aka ba ni mabuɗin rumfa, da kofin shayi mai giɓi,
da ƙusa ta goma sha bakwai a jikin allo.
Doka ɗaya ce, in ji Nermin, tana nuna ni da cokali:
in za ka fita, rataya sunanka,
in ka dawo, sauke shi.
Sauran duk surutu ne.

Surutun kuwa akwai shi.
Likita da mai wankin mota na musu kan ƙullin igiya,
kullum mai wankin mota ke da gaskiya.
Ferit ya kama kifi ɗaya bara,
har yau kifin girma yake a bakinsa.
Jirgi takwas, mu arba'in da ɗoriya:
mai inji ba shi da lokaci,
mai lokaci ba shi da inji,
rumfa ta ɗaura musu aure.
Ran Asabar ƙananan kifi su faɗa kasko,
kowa ya zo da burodinsa, ya ci na wani.

Karatun gajimare a wurin Gulizar na ɗauka,
'yar sha huɗu, mai dariya in na juya jirgi baibai.
Tafina ya yi kanta. Barci ya dawo gida.
Hawan jinin ma ya ɗan ji kunya.

Wata Laraba na fita ni kaɗai da ƙaramin shuɗin nan.
Iska ta hana ni kwatarmu,
na ɗaure can bayan jiragen masunta,
hankalina na wani wuri:
ranar ce aurenmu zai cika arba'in.
Na wuce gida. Sunana na rataye.

Ƙarfe ɗayan dare ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta.
Remzi ne, jiƙe sharkaf, tocila a hannu,
bayansa likita da takalmi ƙafa ɗaya.
Jirgi biyar suka shiga hazo,
awa huɗu suna ƙwala wa ruwa sunana,
ni ina minshari cikin bargon Sabiha.

Ban san Nermin ta iya zagi haka ba.
Ta wanke ni tas,
ta zauna kan kujera, ta fashe da kuka,
sannan ta ce ina nake ajiye ganyen shayi.
Mutum tara a ɗakin da ya shekara biyu
bai ji tarin kowa ba sai nawa.
Teku na ɗiga daga wandunansu kan darduma.
Farin gishirin na nan, ban wanke ba.

Hukunci: fentin jirgi biyar, ni kaɗai, kafin rani.
Ko yini ɗaya ba su bar ni ni kaɗai ba.

Yanzu ni ke rufe rumfa.
Ina bin allo da yatsa kamar yadda nake bin adireshi a da.
Daren jiya saura ɗaya, na Ferit.
Na ɗora ruwan zafi, na jawo kujera bakin ƙofa.
Can na hango fitilarsa tana rangaji,
yana tafe a hankali
da kifin da zai girma gobe.