Mai Wankin Riguna a Vila Salgada

Ni ce Ermelinda, mai wankin riguna,
shekara ashirin da shida a ɗakin ƙasa na filin Salgada,
inda injin wanki ke tari kamar tsohon masunci.
Ba na karanta jarida. Riga nake karantawa.

A watan Oktoba fes suke dawo mini,
ba laka a kafaɗa, ba koren ciyawa a gwiwa,
kai ka ce ɗaurin aure suka je.
Wasa tara, maki biyu.
Masunta suka daina zuwa kallo,
suka ce gara gyaran taru, shi ko ya yage yana ɗinkuwa.
Tsuntsayen teku da ke sauka kan turken raga
sun fi 'yan bayanmu tsare gida.

Sai aka kawo Baltazar Roxo,
kocin da ba wanda ya nema,
da tsohuwar mota da kare mai ido ɗaya.
Bai tara kowa ya yi wa'azi ba. Ɗakina ya sauko,
ya ɗaga wando mai lamba huɗu ya shinshina,
ya ce, "Dona, daga yau za ki wahala."

Na kuwa wahala.

Belmiro mai tsaron raga, talatin da takwas a duniya,
gwiwarsa ta hagu na ƙara kamar ƙofar cocin gari,
matarsa har ta kama masa rumfar sayar da kifi.
Fenareti uku ya tare cikin wata guda.
Safar hannunsa ta zo da jini a babban yatsa,
ya roƙe ni kada likita ya ji.
Likita bai ji ba.

Amândio kuwa, Akwati suke ce masa,
wai ba ya juyawa sai an ɗaga shi.
Koci ya mai da shi tsakiya,
ashe gudu ba sana'arsa ba ce, gani ne:
kafin ƙwallo ta taɓa ƙafarsa ya san inda za ta kwana.

Sai yaron nan Nélio, daga tsibirin Fogo,
jaka ɗaya, haƙora na kaɗawa.
Ni na saƙa masa rigar sanyi.
Da ƙwallo goma sha bakwai ya biya ni.
Duk wadda ya ci sai ya nuna ƙasa da yatsa,
'yan jarida suka ce kakanninsa yake gaisarwa.
Ɗakin wanki ne a ƙarƙashin wurin.

Ba kullum aka ci ba.
A Fabrairu an zuba mana huɗu cikin ruwan sama,
na iske Akwati yana kuka bayan kwandon tawul,
na ƙara wa inji gudu don ya rufe masa asiri.

Sabulun wata ya koma na kwana goma.
Ma'aji ya zo ƙorafi, na miƙa masa safa ya shinshina,
bai sake saukowa ba.

Ranar ƙarshe, a Mayu, ko jirgi ɗaya bai fita teku ba.
Ban hau sama ba. Ban taɓa hawa ba.
Ina zaune da kofin gahawa ina sauraron rufi:
shiru mai tsawo,
tsaki,
shiru kuma,
sai a minti na tamanin da takwas
siminti ya girgiza, garinsa ya zubo mini a kofi.
Haka na san mun hau babban rukuni.
Na shanye abina har da garin.

An ce wankin hula ke kai mutum dare,
ni wankin riga ya kai ni asuba:
gumi, hayaƙi, gishiri, jan bakin wata da ban sani ba.
Na ƙirga, goma sha bakwai.
Ta Nélio ce babu.
An ce mutanen babban birni sun zo da takarda da alƙalami.

Da hantsi na same ta a ƙugiyar ƙofata,
da lakarta, an naɗe ta cikin rigar sanyin nan.

Ita kaɗai ban wanke ba.