Taku Goma Sha Ɗaya

A gindin darbejiya nake zama,
ƙofar kotun Chapra, hannun hagu,
ni da tafireta mai karyayyen haƙori.
Kowace takarda na buga, harafi ɗaya na ɗingishi.
Alƙalai sun san ɗingishin,
fuskata ce ba su sani ba.

Ran da Jagarnat Mahato ya fara zuwa
gashinsa baƙi ne wuluk.
'Yarsa Fulmati na shan rake
tana tofar da tuka kusa da ƙafata.
Gona ce, in ji shi, a bakin kogi.
Ɗan baffansa ya matsar da dutsen iyaka
taku goma sha ɗaya, cikin dare.
Na ce rupi biyar. Na buga. Ya dangwala yatsa.

Aka ba shi rana.
Ranar ta zo, alƙali na hutu.
Aka ba shi rana,
lauyoyi suka shiga yajin aiki.
Alƙali na uku yana da zuciya:
ya ci tarar mai gidan bulo ran Litinin,
kafin Juma'a an tura shi wani gari.
Fayil ya ɓace damina biyu.
Da aka tono shi a ɗakin ajiya
gara ta cinye shaidar mutum uku,
biyu cikinsu sun riga sun kwanta dama.

Ɓaunar tatsa ta tafi kuɗin lauya.
Awarwaron matarsa ya tafi kuɗin jirgin ƙasa.

Wata rana na kasa haƙuri. Na ce,
ba ku da masu sanduna a ƙauyenku?
Ya ce akwai,
kwalba biyu, za su mayar da dutsen kafin asuba.
To?
Ya daɗe yana murza taba a tafin hannu.
Ya ce, abin da sanda ta ajiye
sanda ke ɗauke shi.
Takarda nake so, mai hatimi.

Ni na buga takardar sauya suna
bayan an ƙona gawarsa.
Fulmati ta zo da akwatin kwano a ka,
furfura ta fara leƙowa ta gefen mayafi.
Abin da ta gada ke nan:
lambar shari'a, da rasit ɗari da wani abu.

Kogi kuwa bai san ɗage zama ba.
Kowace damina yakan gutsiri gaɓa,
ya ci dutsen, ya ci mangwaron,
ya ci gonar mai ƙara da ta wanda ake ƙara
bai tambayi wa ke da gaskiya ba.

Shekara talatin da ɗaya.
Sabuwar alƙaliya, sa'ar jikata,
ƙara casa'in a gabanta kullum, fanka ba ta juyawa.
Masinja ya ce gida take tafiya da tsofaffin fayiloli.
Ta karanta abin da gara ta rage,
ta ce: taku goma sha ɗaya na Jagarnat ne.

Fulmati ba ta karatu, sai ta ɗauke ni.
Muka shiga kwalekwale har tsakiyar ruwa.
Mai tuƙi ya soka gora, ya ce, nan ne, ko kusa da nan.
Na karanta hukuncin da ƙarfi,
ruwan ƙasa-ƙasa na wucewa ƙarƙashinmu.
Ta ce in maimaita wurin sunan babanta.
Na maimaita.
Ta naɗe takardar cikin leda, ta ce
kogin nan yakan koma inda ya fito,
ran da ya amayo ƙasar, zai tarar da mu.

Ban ce mata komai ba.

Da safe wani saurayi na tsaye gaban teburina,
baƙin gashi, takardun gado a hannu.
Baba, kamar wata nawa za a ɗauka?
Na hura ƙurar da ke kan tafireta,
na zura farar takarda.
Na ce, faɗi sunanka, a hankali.