Na Kashe Inuwa

Kwamfutar nan ta girmi ƙanena Tasi'u.
Wajen Ishaya na saye ta, bayan Kasuwar Barci,
ya rantse mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe ta,
amma rabin haruffanta sun goge kamar tsohon kwabo.

Daren farko da na shiga wasan
aka jefa ni bakin wani teku, ba riga, ba takalmi.
Rana tana rawa a kan ruwa,
kowane ganye da inuwarsa,
har gashin hannuna ana iya ƙirgawa.
Na ce, kai, duniya!
Sai hoton ya fara ɗingishi.
In ɗaga gatari yau, ya sauka gobe.
Kerkeci ya leƙo daga gindin dutse can nesa,
ƙiftawa ɗaya ga shi a wuyana,
ban ma ga tahowarsa ba.

Fankar ciki tana kuka kamar injin markaɗen Laraba,
cinyata ta kusa gasuwa.

Na buɗe saiti.

Inuwa na fara yankawa.
Bishiyoyi suka tsaya tsirara, kamar ba ƙasa suka dafa ba.
Na rage ciyawa daga ƙugu zuwa idon sawu,
na ƙwace wa teku madubinsa,
ya koma shuɗin bargo kawai.
Nisan gani na jawo kusa:
duwatsun nan masu farar hula suka ɓace,
duniya ta ƙare a taku ɗari biyu,
kamar daga ƙofarmu zuwa shagon mai shayi.
Fuskar mutumina ta zama ta laka,
hanci babu, ido ɗigo biyu.

Amma fa ya yi gudu!
Na juya, duniya ta juya tare da ni,
gatari ya faɗi daidai lokacin da na ce ya faɗi.

Linzami ya cika rawar kai, na sassauta shi.
Maɓallin tsalle ya mutu tun zamanin mai ita na farko,
na mayar da tsalle inda babban yatsa ke hutawa.
Kiɗa na kashe gaba ɗaya,
na ɗaga ƙarar takun sawu,
don ruwan Agusta yana dukan kwanon ɗakinmu
kuma abin da zai cinye ka ba ya sallama.

Ashe Baba yana tsaye a bayana da buta a hannu.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Me ka yi wa dajin?"
Na ce, rage masa kaya na yi, injin ba zai iya ɗauka ba.
Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci.
"Shekarar da aka rufe masaƙa a Kakuri
haka muka zauna da uwarka.
Nama ya fara tafiya, sai madara,
sai rediyo, sai keken da nake ji da shi.
Kuɗin makarantarku ne kawai ba ta bari an taɓa ba."
Ya wuce alwala, bai ƙara ba.

Na koma kan jerin.
Saura abu ɗaya ban sauke ba: hasken wuta,
yadda take lasar itace, take ja, take rawa a jikin bukka.
Na san tana cin ƙarfin injin.
Na ɗora yatsa a kai,
na ɗauke.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka ɗauke wutar Tudun Wada.
Batir ya ce minti ashirin da uku,
kuma na san ƙarya yake, goma ne.
Tasi'u ya matso, haɓarsa a kafaɗata.
Muna da kifi biyu, da sanda, da rabin gora na ruwa.
Can cikin duhun da na rage wa kyau
wani abu yana taka busasshen ganye.
Wannan karon muna jin sa.