Lita Biyu a Lawanti

Shekara ashirin da shida ina jan tanka,
lita dubu talatin da uku a bayana,
daga Fatakwal har Gombe, kowa na kauce mini.
Yau ga ni a filin jirgin Lawanti, hula a hannu,
ina ba 'yar cikina haƙuri kan ruwa lita biyu.

Tun kafin kiran assalatu a Herwagana
Furera ta naɗe na'urar da zanen da ta fi so,
kamar mai shirya jariri zuwa awo.
Ta ƙirga jakunkunan ruwa, ta sake ƙirgawa,
ta jera bututai a robar da muke zuba dabino da azumi.
Ta ce, "Kar ka yarda a cilla ta cikin kaya.
Riƙe ta a hannu, Malam, ƙodarka ce."

Sikeli ya ce kilo goma sha huɗu.
Bai iya awo ba.
Barcina na ciki, da sujadata,
da kowace gobe da na gani tun bara waccan.

Rifkatu aka rubuta a ƙirjin yarinyar.
Ta tsai da akwatin, ta ƙura wa allo ido.
"Baba, mene ne wannan mai wayoyi?"
Layi ya yi tsit.
Wani mai kwat ya dubi agogo, ya ja tsaki.
Na miƙa takardar likita mai hatimi biyu,
ta karanta, ta juya bayanta, ta ce,
"Ruwa ba ya wucewa. Doka ce."

Na san doka.
Na kwana a shinge fiye da yadda na kwana a gida.
Sai na ɗaga gefen riga,
na nuna mata abin da ƙannena ma ba su gani ba:
ɗan bututu ƙasan cibiya, manne da filasta.
Na ce, "Ta nan nake shan mai.
Ina barci tana aiki,
ta zuba, ta jira, ta kwashe.
Har yanzu tanka ne ni, 'yata,
lodin ne ya ragu."

Ba ta yi dariya ba.
Ta kira babba, babba ya kira wani,
aka shafa, aka shinshina, aka sa hannu.
Tana ja mini zif ɗin akwati
ta sunkuyo, muryarta ƙasa-ƙasa:
"Babana yana Billiri.
Sau biyu a mako muke kawo shi asibiti,
gonar gyaɗa ta tafi, saura ta rafi.
Da gaske a gida ake yi?"

Na karɓi bironta.
A bayan ambulan ɗin tikiti
na rubuta lambar Sista Kande,
hannuna na rawa, bakwai ta zama kamar ɗaya.
Na gyara.
Ban faɗa mata kuɗin ba.
Wannan nauyin ba na tsaye ba ne.

Da jirgi ya ɗaga na leƙa taga.
Ga hanyar Bauchi, zare ɗaya a ƙasa,
ga gadar Dindima inda birki ya taɓa cin amanata,
ga wata tanka tana rarrafe, ba ta kai kiyashi ba.
Ashe haka nake a idon sama
duk lokacin da nake jin ni ne hanya.

Gobe Ubaida za ta sa baƙar riga,
a kira ta lauya a gaban jama'a,
in miƙe tsaye da ƙafafuna.
Amma kafin gobe akwai dare.
Na taɓa akwatin, na ji zanen Furera ta bakin zif,
ina ta maimaita tambayar da zan yi a masauki
tun kafin sallama:
akwai wuta?