Birkin Baya

Da kuɗin sallama na saye ta,
bayan shekara talatin da ɗaya ina ƙirga buhunan gujiyar wani.
Daga Kwatano ta iso, fara tas,
mai ciki biyu: rabi mai, rabi lantarki.
In ta taso ba ta ko gyaran murya,
kajin Bagalam sai sun ga inuwarta suke watsewa.
Kilomita dubu goma sha tara, in ji agogonta.
Dillali ya shafa ta, ya ce ko yaye ba a yi mata ba.

Na kafa mata rumfa, na ɗinka mata riga.
Juma'a zuwa Juma'a take ganin kwalta,
sai fa in an yi haihuwa a nesa.
Damina biyu ta yi tana sauraron ruwa a kan kwano.

Ran Talata, a gangaren da ke sauka gulbi,
amalanke na gabana, shaƙe da jan bulo.
Na taka.
Gaba ta amsa,
baya ta yi kukan adda a bisa dutse,
ta murguɗa ƙugu, ta ja ni gefe,
warin ƙonannen ƙarfe ya cika mini hanci.
Taku ɗaya ya rage tsakanina da bulon nan.
Yaron amalanke bai ko waiwayo ba,
rakensa yake sha.

A garejin Rabe, kan hanyar Ɗan Isa,
Nomau ya kwance ƙafar baya, ya yi fito.
Faifan ya yi ja kamar tsohuwar tanda,
takalmin birki ɗaya ya cinye har ƙashi,
ɗan'uwansa yana nan sabo, bai taɓa gumi ba,
ƙusar da ke tsakaninsu ta ƙafe, ko guduma ta ƙi ji.

Na ce, Rabe, an cuce ni, an juya agogo.
Ya goge hannu a wando, ya ce, Baba Lawali, agogo bai yi ƙarya ba.
Irin wannan, ka ɗaga ƙafa, injin ne ke riƙe ta,
ya kwashe gudun ya zuba a batir.
Na baya suna zaune, ba mai kiran su.
Ƙasar da ta fito gishiri suke watsa wa hanya don ƙanƙara,
ta zo da shi a maƙale, kai kuma ka ba shi damina.
Ba aiki ya kashe birkin nan ba.
Zama ne.

Jika tamanin da biyar, in ji shi,
kayan kuma sai an aika Katsina.
Na yi ciniki don kada a ce ban yi ba.

Kwana uku ina hawan kabu-kabu,
gwiwata tana ƙara irin ta motar.
A dare na biyu Tsahara ta kira daga Tibiri,
yayata, wadda ta goye ni.
Muka yi lafiya lau, lafiya lau, kati ya ƙare.
Na zauna ina duban wayar a tafin hannuna.
Tibiri ga ta nan, ko shayi bai huce ba ka isa.
Rabona da ƙofarta tun rasuwar mijinta,
wannan ƴar aba ce ke zuwa a madadina.

Da na je karɓar mota Rabe ya ce,
ka riƙa fita da ita, Baba,
in hanya ba kowa ka taka da ƙarfi, sau biyu, sau uku,
su san ana bukatarsu.

Na sayi goro da sabulu a bakin tasha.
Bayan na fita gari na duba madubi, ba kowa,
na taka har goron ya zube ƙasa.
Ta tsaya cak, ƙafa huɗu, ba kuka.
Na tsince shi ɗaya-ɗaya,
guda ya shige ƙarƙashin kujera, na bar shi,
kada la'asar ta riga ni Tibiri.